Ƙunar Sanyi

Mainasara mai gyaran esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, a Daura, kuma yatsunsa su ne idonsa. Da ya dafa bututu zai ce maka filta ta toshe, wato 'yar matatar da ke tare dattin gas. Ran wata Laraba, dab da magariba, ya dawo gida da wata filta da tsatsa ta cushe. Ya tsuguna bakin kwata a bayan ɗaki, ya ɗaura mata tiyo, ya sako gas don ya bushe dattin. Farin hayaki ya yi fuu cikin kwatar. Matarsa Lami ta leƙo ta tambaye shi ko ya yi bismilla. Gogan naka ya yi dariya, wai ai ruwan zafi aka hana zubarwa da magariba, wannan kuwa sanyi ne.

Ba a idar da salla ba jifa ya fara sauka kan kwano. Aka duba, ba kowa. Can sai kukan jariri daga cikin kwata, siriri, ya ɗauke, ya dawo. Kashegari 'yarsu tilo, Hadiyya, mai shekara tara, ta tashi baki a kulle, hannunta na dama a ƙandare, sanyi ƙalau. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Kullum sanyin sai ya ƙara hawa, har ya kai kafaɗa. Mainasara mai bakin nan, tsoro ya hana shi ko kallon matarsa.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, Malam Kalilu mai ruƙiyya ya zo. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago. Muryar wata babbar mace ce ta fito daga bakinta. Ta ce ɗanta na barci a kwatar aka ƙone masa hannu. Mainasara ya rantse bai zuba wuta ba.

"Kai da sana'arka, ba ka san sanyin nan yana ƙuna ba? Ba shari'a kuka ce kuna yi yanzu ba? To, ƙisasi nake so. Hannu da hannu."

Malam ya ce mata ta ji tsoron Allah, kuskure ba ya da ƙisasi, kuma shari'a ba ta kama 'ya da laifin uba. Aljanar ta ce ta yarda da na biyun, amma ƙisasi yana nan, sai dai uban ya biya da nasa hannun.

Kafin Malam ya tare shi, Mainasara ya miƙa hannu. Yarinyar ta damƙe. Ya ji sanyi ya ratsa ƙashi, sannan bai ƙara jin komai ba.

Hadiyya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ga hannun ubanta cikin nata.

"Baba, ina matse ka da ƙarfi, kana ji?"

Ya dubi yatsun da suka ciyar da gidan shekara ashirin.

"Ina ji, uwata," ya ce. "Ƙara matsawa."