Kek ɗin Dogo a Ƙasan Firiza

A kan kaji rigimar ta tashi. Umma ta dawo kasuwa da figaggun kaji cikin leda, ta ɗaga murfin firiza, ta tarar babu masaka tsinke. Kwali kan kwali, kowanne an naɗe shi da leda kamar ƙafar mai karaya.

Ta riƙe ƙugu, ta tambaya ko gidan nata ya koma ma'ajiyar bukukuwan da aka fasa ne ba ta da labari.

Auta ba ta ɗago ba. Tun safe take tsaye gaban tebur tana matso furannin kirim, bayanta kamar zai ɓalle. Duk unguwa Mai Kek ake ce mata, Umma ce kaɗai ta riƙe Auta. A gajiye ta yi bayani: na saman na wata ɗaliba ne da aka ɗage musu bikin kammala karatu, na gefen kuma na matar da mijinta ya fasa dawowa daga tafiya. Duk za su zo su ɗauka.

"Na ƙasan fa?"

Auta ta ci gaba da matso furanninta.

"Na ƙasan nake tambaya, Auta. Mai shuɗin furen nan."

Na ƙasan na Dogo ne, malamin lissafi a makarantar bayan layinsu. Kek ya zo saya wa ɗalibansa, tun daga nan ƙafarsa ba ta ɗauke daga ƙofar gidan ba. Shi ya ce ta yi na musamman don ranar da manyansa za su zo wajen nata a tsayar da magana. Ta zuba masa duk iyawarta, fari tas, da shuɗin furanni suna gangarowa ta gefe guda. Ana jibi zuwan, mahaifinsa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ta yi wa kek ɗin abin da take yi wa na kowa. Ta sa shi a firiza a buɗe har kirim ɗin ya daskare, ta naɗe shi da leda ninki biyu, ta rufe a kwali. Dogo ya ce sai an sallami Baba daga asibiti. Aka sallame shi, ya ce sai ya fara zama. Daga baya ya daina ambaton rana, sai gajeren saƙo a waya: ki yi haƙuri, sanyin idona.

Umma ta ajiye kajin, muryarta ta yi laushi. Ta ce ba ta hana ta jira ba, amma ai ita da bakinta take gaya wa masu saye cewa kek ma yana da iyakar zaman sanyi, in ya wuce ya zama kyan ɗan maciji.

Da yamma Auta ta ciro kwalin, yatsunta na zugi, ta sa shi a firji don ya saki a hankali. Sannan ta kira shi.

"Na fitar da shi, Dogo."

"Me kika fitar?"

"Kek ɗinka. Kuma abin da ya narke ba a mayar da shi. Ka zo ka ɗauka gobe, ka ci ko ka zubar..."

Ya ce babu wanda zai bar wa Baba. Ta ce to za ta kawo masa. Ya ce kada ta zo, da wata irin murya da bai taɓa yi mata ba. Ya kashe wayar.

Washegari ba ta jira kek ɗin ya gama saki ba, ta rungumi kwalin ta fita, sanyinsa na ratsa mata ƙirji.

Ba ta taɓa wuce ƙofar gidansu ba. Yau ta tarar da ita a buɗe. Zannuwan gado sun cika igiyar shanya, warin maganin goge ƙasa ya cika tsakar gidan. Dogo yana durƙushe gaban baho yana cuɗa wanki, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Da ya gan ta sai ya ɓoye hannayensa a baya kamar wanda aka kama da sata.

"Kin gani ko?" ya ce. "Abin da ba na so ki gani ke nan. In ɗauko ki daga ƙamshin bota in kawo ki wankin zanen majinyaci?"

"Ka tambaye ni?"

"Ina tausayinki ne..."

"Ka tambaye ni, Dogo? Kai kaɗai ka zauna ka yi lissafinka, ka fitar da amsa, ka bar ni ina ƙirga kwanaki kamar wadda ta yi laifi."

Daga ɗaki aka fara buga cokali a jikin kofi, haka Baba yake kira.

Suka shiga, suka tarar da tsohon jingine da matasai, bakinsa ya karkace, amma idanunsa rau. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya nuna kwalin da hannunsa mai lafiya, ya yi wata magana da ba ta fita sosai. Dogo ya fassara mata, ya ce Baba yana so ya ga abin da ke ciki. Kafin ta tuna ta hana, Dogo ya riga ya yaye ledar.

Ɗakin da ɗumi, taga a rufe. A gaban idonta raɓa ta feso wa kek ɗin kamar goshin mai zazzaɓi, shuɗin furannin ya fara tsiyaya yana bin farin layi-layi. Abin da take yi wa kowane mai saye kashedi a kai ke nan: kar a buɗe sai ya huce. Aikin da ta fi so a rayuwarta yana kuka a kan kujerar majinyaci. Ta ji ba ta da ƙarfin jin haushi ma.

Baba ya tambayi na wane ne. Dogo ya yi ta kame-kame, sai ita ta amsa, kanta a ƙasa, ta gaya masa ranar da aka yi shi dominta.

Tsohon ya juya ga ɗansa. Ya sake magana, a hankali, yana kokawa da kowace kalma. Wannan karon Dogo bai fassara ba, kuma ba ta buƙata. Ashe Baba ya ɗauka yarinyar ce ta gudu da ta ji ya kwanta, shi ya sa bai ƙara tambaya ba, don kada ya fama wa ɗansa ciwo.

Ya ɗaga cokalin ya ƙwanƙwashi Dogo a ka.

"Sakarai," ya ce. Wannan kam ta fito sarai.

Dariya ta kufce mata, hawaye na biye. Baba ya nuna waya, ya ce a kira masa ƙaninsa yanzu-yanzu. Dogo ya kira. Baffa ya ce shi dama jiran kira yake, ya zaci ango ne ya sake shawara. Aka tsayar da ƙarshen mako, shi zai ja gaba, a ɗaga wa Baba waya ya ji komai da kunnensa.

Ta nemi wuƙa da faranti, ta yanko ɗan ƙarami ta inda shuɗin bai ɓata ba, ta zauna bakin gado tana ba Baba kaɗan-kaɗan, tana goge masa gefen baki. Dogo ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon.

"Masoyiyata, wallahi ni dai tsoro nake kada wata rana ki..."

Ta jira ƙarashen. Bai zo ba. Da ta leƙa, barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, kumfar sabulu ta bushe a gwiwar hannunsa.

Ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Baba ya girgiza mata kai, ya sa yatsa a leɓe, sannan ya buɗe baki yana jiran cokali na gaba.