Igiyar Inna Hansatu

Faifan ƙarfe na farko ya motsa a ƙarƙashin ruwan, na biyu ya bi bayansa, sai tafkin ya fara kumbura daga can ƙarshen gabas kamar ƙullun da ya ji yis. Wanda ke kwance a kan allon hawan ruwa a tsakiyar tafkin, wani direban jirgin ƙasa ne mai tumbi, ya shigo Gidan Igiya yana ta ƙunƙuni a kan shugabansa na wurin aiki. Munduwar da ke hannunsa ta riga ta karance shi tas, daga bugun zuciya har abin da ke yawo a jijiyoyinsa. Injin da ake kira Sauke-Nauyi ya karɓi wannan karatu ya gina masa igiyar ruwa daidai da damuwarsa, ba ƙari ba ragi. Mutumin ya miƙe a kan allon da ƙyar, ya buɗe hannuwa, ruwa ya kwashe shi yana ihu. Ko da ya iso gaɓa, da za a kawo masa shugaban nan nasa, rungume shi zai yi.

Daga ɗakin sarrafawa da ke sama, Injiniya Balaraba Tukur ta yi murmushi. Ita ta ƙera injin, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa tana alfahari da shi.

Birnin Tudun Madubi bai san teku ba sai a hoto. Gari ne na dogayen benaye na gilashi da motoci masu tashi a sama, inda na'ura ke tsara wa mutum lokacin aikinsa da na cin abincinsa, ta kuma tuna masa cewa ya makara tun bai gama sa takalmi ba. Hawan jini ya zama ruwan dare, har yara masu jarrabawa suna shan magani. Balaraba ta koyi hawan igiyar ruwa ne lokacin da take karatu a wani gari na bakin teku. Ranar da ta fara tsayuwa a kan allo, ruwa ya ɗauke ta ya ruga da ita, sai ta ji wani dutse da ya daɗe a ƙirjinta ya faɗi. Abin da ƙwayoyi suka kasa yi mata, ruwa ya yi cikin ƙiftawar ido. Ta dawo gida da niyyar kawo wa mutanenta teku har ƙofar gida, ta kuma kawo.

Yadda injin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Munduwa ta auna damuwa, faifan ƙarfe su tura ruwa ya tashi gwargwadonta. Yayin da mai hawa ke gangarowa, munduwar na aika ɗan ƙaramin lantarki zuwa ƙwaƙwalwa, ta ɗaure damuwar da igiyar. Igiya ta mutu a gaɓa, damuwa ta mutu tare da ita. Matsala ɗaya ce: idan igiya ta riga ta tashi ba a kashe wuta, don ruwan zai rufto wa mai hawa kamar katangar da damina ta cinye.

Abokan aikinta sun so a sa wa injin iyaka. Balaraba ta ƙi ƙememe. Ta ce rabin igiya rabin magani ne, kuma ta auna dubban mutane, masu bashi da masu takaba da waɗanda aka kora daga aiki, babu wanda damuwarsa ta wuce wani shuɗin layi da ta sa aka ja a bango, rabin hanya zuwa rufi. A faɗarta, iyakar abin da zuciyar ɗan Adam ke iya ɗauka ke nan. Ta faɗa a taro, aka tafa mata, maganar ta zauna.

Ita ma kullum da sassafe takan hau kafin a buɗe wa jama'a. Igiyarta ba ta cika girma ba, amma ba ta taɓa fashi ba, kuma ta san sunan abin da ke tayar da ita. Mahaifiyarta ce.

Balaraba 'yar fari ce. Inna Hansatu kuwa tsohuwa ce irin ta mutanen da, masu kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye Balaraba aka miƙa ta ga Gwaggo Dije, ƙanwar babanta. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "'yar gidan Dije". Ranar da aka ba Balaraba lambar yabo a gaban duk gari, aka kai wa Inna labari, sai ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tsince wakenta. Tsararrakin Balaraba a littafin tarihi suka san wannan al'ada, ita kuwa a jikinta ta san ta. An sha gaya mata cewa kunya ce, ta sha gyaɗa kai, amma a ranta ta yanke hukunci tuntuni: matar nan ba ta damu da ita ba. Wannan abu yana mata ciwo fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

Sai ga shi jinin Inna ya hau ya ƙi sauka. Likita ya canza magani ya sake canzawa, daga ƙarshe ya ce a kai ta Gidan Igiya. Gwaggo Dije ce ta jawo ta a ranar da aka ware wa mata, tana yi mata tsiya tun daga ƙofa.

"Hansatu, yau za ki ga abin da 'yarki ta ƙera. Ki daina ɗaure fuska kamar an aiko ki karɓar gaisuwar mutuwa."

"Ni dai likita ne ya ce," in ji Inna, tana kallon tayal ɗin ƙasa.

Balaraba ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ɗaura mata munduwar da hannunta. "Inna, akwai abin da ke damunki? Don mu san irin shirin da za mu yi."

Inna ta juya ta ba bango amsa. "Lafiya lau. Me zai dame ni? Na ci na sha."

Balaraba ta dubi fuskar nan da ba ta taɓa nuna komai ba, ta yarda. Ta ce wa masu ceto su je su huta, mutum ɗaya ta isa. Aka zaunar da Inna a kan allon tsofaffi, mai kujera da maɗauri, aka sa mata ɗan abin sauraro a kunne, aka tura ta tsakiyar tafkin. Balaraba ta hau ɗakin sarrafawa, Gwaggo na biye da ita tana haki.

Ruwa bai motsa ba. Inna na zaune a tsakiyarsa da mayafinta kamar mai jiran a kira sallah. Allurar awon damuwa da ke kan kwamfuta tana kwance abinta.

"Kin gani ko, Gwaggo?" Balaraba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan zuciyar ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba."

Ta danna maɓallin magana. "Inna, ni ce, Balaraba. Ki riƙe hannun kujerar, yanzu za a fito da ke."

Allurar ta yi tsalle.

Faifan ƙarfen suka tashi gaba ɗaya, da wata ƙara da Balaraba ba ta taɓa ji ba tun da ta ƙera su. Ginin ya girgiza. Ruwan gabas ya ja baya har aka hango ƙasan tafkin, sannan ya fara hawa, ya ɗauki allon Inna a kafaɗarsa. Ya wuce tsayin ɗaki. Matan da ke gaɓa suka miƙe tsaye.

"Innalillahi! Inna, kada ki ji tsoro, ina nan, ina ganinki!"

Ruwan ya ƙara hawa. Ya kai shuɗin layin, ya shafe shi kamar ba a taɓa ja ba. Balaraba ta zabura. Hannunta ya kai ga maɓallin kashe wuta, ta janye shi da sauri, don ta san kashewa daidai yake da binne mahaifiyarta. Ta duba ko munduwar ce ta lalace, ta ga lafiyarta ƙalau. Sai ta koma ga abu ɗaya da ya rage mata, ta ci gaba da magana cikin kuka, tana roƙon Inna ta ja numfashi, ta natsu, ta saurare ta. Duk kalmar da ta fita daga bakinta, ruwan sai ya ƙara tsawo. Fitilun da ke rataye a rufi suka fara fashewa.

Gwaggo Dije ta doke hannunta daga kan maɓallin.

"Ke, rufe mini baki! Ba ki da ido ne? Tana zaune lafiya sai da kika yi magana!"

"Gwaggo, kwantar mata da hankali nake yi!"

"Ke ce hankalin nata! Wa kike zaton take ɗauke da shi shekara da shekaru? Ki yi shiru, don girman Allah, kafin ki kashe ta!"

Balaraba ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta dubi layin da kwamfuta ta zana, ta ga kowane tudu a kansa ya faɗo daidai da inda ta buɗe baki.

Da shirun ya ɗan jima, ruwan ya daina hawa. Kansa ya lanƙwaso, ya karye, allon ya gangaro da gudun da ko ƙwararru ba su taɓa yi ba a wannan gida. Ruwa ya rufe Inna ruf, aka daina ganinta. Wata mata ta yanke jiki ta faɗi. Can sai ga allon ya fito daga cikin farin kumfa, ya sulalo har gaɓa ya tsaya. Inna na kan kujerarta, mayafi ya tafi, ta jiƙe sharkaf. Dariya take yi, har da buga cinya.

Aka kai Inna asibiti a duba ta, a baranda Gwaggo ta ƙarasa wa Balaraba sauran. Ta ce tun Balaraba na makarantar firamare, Inna kan laɓe a bayan shago ta ga wucewarta. Lokacin da take karatu a bakin teku, Inna ta daina cin kifi, wai ba za ta ci abin da ya fito daga ruwan da zai iya cinye mata 'ya ba. Tun da aka buɗe Gidan Igiya kuma ta ji cewa kullum Balaraba na shiga ruwa da safe, ba ta sake karyawa ba sai Gwaggo ta kira ta ce an fito lafiya.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ta rantsar da ni. Kuma ku 'yan zamani, abin da ba a faɗa muku da baki ba, ko a gaban idonku yake ba ku gani."

Likita ya fito yana washe baki. Ya ce jinin tsohuwa ya sauka kamar na budurwa, bai taɓa ganin irin wannan ba. Masu kamfanin Gidan Igiya suka yi ta kiran waya, ba don su yi faɗa a kan fitilun da suka fashe ba, sai don su nemi izinin yin talla da hoton igiyar.

Balaraba ta shiga ɗakin da niyyar faɗawa jikin mahaifiyarta. Inna ta ɗago, ta dube ta ido cikin ido, ta yi mata fara'a irin wadda ake yi wa 'yar maƙwabta.

"A'a, Balaraba! Shigo mana. Kai, wannan abin naki akwai daɗi. Yaushe za a sake?"

Abin da Balaraba ta yi shekaru tana jira ke nan, amma da ya zo sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta san injinta. Ya auna nauyi, ya gina igiya daidai da shi, ya kashe shi a gaɓa. Ba a koya masa bambanta damuwar da ke cin mutum da wadda mutum ya zaɓa ya ɗauka ba, domin wadda ta ƙera shi ma ba ta san akwai bambanci ba. Ta lallashi kanta da cewa damuwar ma'aikata kan sake tsirowa bayan kwanaki, wataƙila ta Inna ma haka. Ta jira. Inna ta yi ta barcinta, ta yi ƙiba, ta koma cin kifi.

Da aka gyara rufin, Inna ta matsa sai an mai da ita. Wannan karon Balaraba ta sa wa injin iyaka, ta jera masu ceto a kowace kusurwa. Aka tura allon tsakiyar tafkin. Ta hau sama, ta daɗe tana kallon maɓallin kafin ta danna.

"Inna, ni ce."

Allurar ba ta motsa ba.

"Inna, Balaraba ce. 'Yarki ta fari. Na ji abin da kika yi ta yi saboda ni, ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

Ta yi ta magana har muryarta ta dushe. Gwaggo Dije ta juya baya tana share ido da bakin zane. A ƙasa, ruwan na kwance sumul kamar faranti, hoton sababbin fitilu a kansa. Inna ta gyara zama, ta duba hagu ta duba dama, sannan ta ɗaga kai wajen tagar ta ɗaga murya.

"Wai Balaraba, injin naki ya lalace ne? Tun ɗazu nake zaune, ruwa ko motsi bai yi ba."