Muƙamuƙin Jaki a Wuyan Kubra

Magariba ta kawo kai a wani ƙauye da ke arewa da Gangara, irin magaribar bayan girbi wadda hayaƙin murhu ke kwanciya kan danga ya ƙi tashi. A gidan Ɗanasabe, matarsa Lantana tana tuƙa tuwo, awaki sun koma turke, tsohuwa Kande uwar maigida tana alwala a bakin ɗakinta. Abu guda ya rage hidimar gidan ta cika, wato dukan Kubra, wanda a watannin nan ya zama kamar tuwon dare, ba a fashinsa.

Kubra ɗiyarsu ce, 'yar shekara bakwai, bana aka sa ta lakol, wato makarantar boko. A ajinsu an hana Hausa, sai Faransanci. Duk wanda aka ji ta a bakinsa sai a rataya masa abin da suke kira sambol, wani muƙamuƙin jaki ne da yara suka tono a gindin tsamiyar bayan lakol, aka zura masa igiya. Mai ɗauke da shi yakan kasa kunne ya kama wani ya sauke masa, wanda aka tashi yana wuyansa kuwa da shi zai kwana. Kubra ba ta taɓa kama kowa ba, kullum ita ake kamawa. Yara suka sa mata suna Jaka, in ta wuce su yi mata kuka, ita kuma ta mayar da haƙori. A ranar nan ta fasa allo a kan wani yaro, da malaminsu Mushe Bashir, don haka ake kiran malami da Faransanci, ya zo rabo ta cije shi a hannu har jini. Aka kira Ɗanasabe ya tsaya gaban darekta kamar shi ya yi cizon, aka ce masa in ta sake an kore ta.

Ya jawo ta tsakar gida, ƙashin na lilo a ƙirjinta, ya ɗaga dorinar da ya sayo a kasuwar Agiye don bijiminsa, ko da yake bijimin bai taɓa ɗanɗana ta ba. Dorina ta sauka a bayan yarinya, amma wanda ya yi ƙara Ɗanasabe ne. Ya waiga, ba kowa. Ya sake zabgawa da ƙarfi, sai rigarsa ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu, jini ya biyo.

Gidan ya yi tsit, har awaki suka daina tuƙa. Sannan dutse ya faɗo cikin tukunya, tuwo mai zafi ya fantsama. Wani ya bi bayansa, wani ya fasa randa, wani ya sami Lantana a goshi ta zube. Ba ta kan danga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a miƙe, kuma da ɗumi kamar an ciro su daga toka. Kubra na tsaye a tsakiya ko ɗaya bai taɓa ta ba. Ta buɗe baki ta yi dariya, dariyar tsohon da ba haƙora.

Daga nan kowace magariba sai an yi. Rana na faɗawa bayan rumbu duwatsu za su fara. Aka wayi gari an murɗe wa bunsurun gidan wuya, kansa na kallon wutsiyarsa. Kubra ta daina cin abinci, idanunta suka faɗa, in abin ya taso ya riƙa maka ta da bango har sai ƙarti sun danne ta, su ma su tashi da targaɗe.

Sai dai a faɗi gaskiya, a ƙasan tsoron Ɗanasabe akwai wani ɗan sanyi. Ashe ba tarbiyyarsa ce ta gaza ba. Ya bi majalisa yana ɗaga riga ana duba bayansa, yana cewa dama shi ya san jininsa ba ya cizo. Har lakol ya je ya shaida wa Mushe Bashir cewa wanda ya cije shi ba mutum ba ne, Mushe ya dubi sawun ƙananan haƙora a hannunsa ya koma aji. Kande ta yi hayaƙi har kaji suka bar gidan. Wani mai magani na bakin tasha ya zo da ruwa a kwalba, ya koma da kwalbar a fashe a kansa. Da yarinya ta kai ba ta iya ɗaga kai sai in abin ne ya ɗaga mata, Lantana ta ce ko a nemo mai ilimi ko a nemo likkafani, maigida ya zaɓa.

Aka ɗauko Malam Mudassir daga wajen Gidan Rumji, wani ɗan siririn dattijo mai tari. Ya sauka a taksi bayan la'asar, ya sha fura, ya yi salla, ya sa aka shimfiɗa yarinya a tabarma. Ya dubi ƙashin da ba wanda ya iya cirewa daga wuyanta, ya zauna daidai kanta ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cinye tsakar gida. Dutse guda ya faɗo kusa da gwiwarsa, bai ko duba ba. Can jikin Kubra ya banƙare, diddige da ƙeya kawai ke taɓa ƙasa, muryar tsohon ta fito tana cewa a daina ƙona shi, zai yi magana.

Ya ce shi mazaunin tsamiya ne tun ba a haƙa rijiyar garin ba, kuma muƙamuƙin nan matashin kansa ne. Yana barci aka ɗauke shi, ya farka ya gan shi a lakol, da tsufansa ana koya masa baƙaƙen Nasara. Malam ya shiga lissafa masa laifi. Duwatsu? Ya ce nasa ne. Bunsuru? Nasa. Bayan maigida? Ya ce nasa ne, kuma ya ji daɗin aikin, don ba ya son a riƙa girgiza masa makwanci. Malam ya ce to cizon Mushe fa, da allon da aka fasa.

"Wannan ba ni ba ne," in ji muryar. "Ni ma kallo na yi."

Ɗanasabe ya ce ƙarya yake, a ƙara masa karatu. Malam ya ɗaga masa hannu, muryar ta ci gaba.

"Ranar da aka fara rataya ni a wuyanta, na hau kafaɗarta ta hagu na yi mata tsawa a kunne, irin tsawar da ke sa raƙuma ɓari. Ko waigowa ba ta yi ba. Na zaci jarumta ce, na leƙa ciki, ashe kunnen a mace yake. An zaunar da ita can ƙarshen aji, kunnen mai jin yana fuskantar zanar da aka kewaye ajin da ita. Mushe ya yi magana, ta taɓa na kusa ta ce, me ya ce? Shi ke nan ta yi Hausa, a kawo ƙashi. Su yi mata kukan jaki, ta cije su. A gida a dake ta. Ni aljani ne, amma tsarin nan ya fi ƙarfin dabarata."

Lantana ta toshe baki da gefen zane. Malam ya tambaya ko ciwo ne ya kashe kunnen.

"Sawun hannu na gani a ciki, babba, na manomi. A tambayi maigida ranar da ta bar awaki suka shiga wake."

Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai jira ba, ya sunkuyar da kai. Malam ya ce to an ji, yanzu ya fita. Muryar ta ce za ta fita, amma da hannun da ya kashe kunnen za ta tafi. Kafin a ankara ɗan hannun Kubra ya cafke wuyan hannun ubanta ya murɗe. Aka ji ƙas, Ɗanasabe ya durƙusa yana salati, ƙarti biyu suka kasa ɓamɓare yatsun da ba su fi karan dawa kauri ba. Malam ya ɗaga murya da karatu, yana tofawa, har abin ya yi ƙara ya saki.

"Ba ka da gaɓa ko ɗaya a jikin ɗan Adam," in ji Malam. "Ƙashinka za a mayar maka. In kana son ƙari, ga dorina."

Aka yi ta ja, kamar cinikin akuya ranar kasuwa, har aljanin ya yarda. Amma ya ce a sani, yanzu ya gane hanyar gidan, in hannun nan ya sake tashi a kanta ba ya bukatar ƙashi ya kawo shi. Malam, wanda aka san ba ya karɓar sharaɗin aljani, tari ya sarƙe shi daidai nan, bai ji ba. Yarinya ta yi atishawa mai ƙarfi, igiyar ta tsinke da kanta, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ga Malam na motsa baki a kanta, sai ta juya wajen uwarta.

"Inna, me ya ce?"

Washegari Ɗanasabe da hannu a ɗaure ya kai ƙashi da dorina gindin tsamiya. Ya kai Kubra likita a Agiye, aka ce kunnen ya tafi, a kula da ɗayan. Mushe Bashir ya dawo da ita gaba, ta gefen da take ji. Sambol kuwa aka daina, wasu na cewa tausayi ne, wasu na cewa an rasa yaron da zai yarda ya sake tono ƙashi.

Kada a ce ta zama waliyyiya. Kafin damina, sai da ta sake cizon wani da ya yi mata kukan jaki, aka sake kiran uban. Ya dawo da magariba ransa a ɓace, ya same ta tsakar gida, hannunsa ya tashi da kansa kamar yadda ya saba. Sai wata 'yar tsakuwa ta faɗo a gabansa, a hankali, ko ƙura ba ta tayar ba. Ya daɗe yana kallon tsakuwar. Sannan ya sosa ƙeya da hannun, tunda ya riga ya ɗaga, ya zagaya ta daman Kubra, ya tsuguna ya ce ta faɗa masa yadda aka yi. Ta yi ta faɗa har tuwo ya huce.