Jan Zanen Gidan Baba Salawu

Wata bakwai ke nan da rufe kamfanin katako na Ibadan inda Rasaki yake aikin ofis, wata biyar kuma da shi da matarsa Wuraola suka kwashe 'yan komatsansu suka dawo gidan gado a Iseyin, cikin wani ɗaki mai yoyo a ƙarshen tsakar gida. Da safen nan Wuraola ta jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya, ta raba busasshen kifi biyu, ta tura babban ɓarin gaban mijinta. Ya turo mata shi.

"Ke ce mai shayarwa, Maman Tola. Ni na ci a hanya."

"Wace hanya? Daga tabarma zuwa bakin ƙofa?"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa don kada su ta da jaririya. Wuraola ba ta taɓa kai kwano ƙofar kowa ba. Sabulu gida huɗu take yanka shi, ruwan wankan Tola da shi take wanke tsumma, agidin da take naɗewa a ganye ta kai bakin titi shi ke kawo musu gishiri da manja. Rasaki kuwa ya ajiye takardun makarantarsa a ƙasan akwati, ya kakkaɓe masaƙar marigayi mahaifinsa, ya zauna koyon abin da hannunsa ya manta. Duk sanda Wuraola ta ji ƙarar ƙoshiyar saƙa sai ta ji kanta ya ƙara tsawo.

Yayarsa Sidikatu ce ba ta bar su sun sha ruwa ba. "Mai digiri ya dawo jifan zare," in ji ta in ta wuce. "Matarsa mai ƙafar tsiya ke nan, tana shiga gida, aiki yana fita."

A gidan akwai wani tsohon jan zane, saƙar kakansu, da ake damƙa wa matar da ta shigo gida a ƙarshe ta adana, a fito da shi ranar suna ko biki. Wata rana Sidikatu ta leƙo ta ce a ba ta ta shanya kada asu ya ci. Matar gida ba ta musu da yayar miji. Wuraola ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu, ba kowa a wurin sai Allah.

Da wani suna ya matso a dangi, Baba Salawu, dattijon gidan, ya aiko a kawo zane. Wuraola ta ce yana hannun Sidikatu. Sidikatu ta dafe ƙirji.

"Ni? Yaushe? Baba, ku tambaye su da me suke cika ciki wata biyar. Sun sayar sun cinye!"

Daga ranar duniya ta juya wa Wuraola baya. Matan gida suka riƙa kulle ƙofa in ta gifta, masu sayen agidi suka ɗauke ƙafa, Tola ta kwanta zazzaɓi ba wanda ya leƙo ya ce sannu. Ta jiƙa tsumma tana goga wa yarinyar a goshi, hawaye na ɗiga a kan hannunta. "Ya Allah, Kai ka ga hannun da na miƙa, Ka ga hannun da ya karɓa... ba ni da wani shaida."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka tara dangi a ƙarƙashin rumfar masaƙa. Hukuncin da Sidikatu ta nema shi ne a mayar da Wuraola gidan ubanta a Saki, Tola kuma ta zauna, tunda 'yar gida ce. Wuraola na durƙushe, ta ƙanƙame goyonta har majanyi na cin ƙirjinta.

"Baba, ku dake ni, ku kore ni, amma kada ku raba ni da ita. Ko nono ba ta saki ba."

Rasaki ya kwanta rubda-ciki a gaban dattijon kamar yadda ɗa ke yi. "Baba, matar nan ta kwana da yunwa ba ta taɓa tsinken kowa ba. In ta fita ƙofar nan, bayanta zan bi."

"Ta shanye shi," in ji Sidikatu. "Kun ji ko?"

Ana cikin haka aka yi sallama. Wata Alhaja Nimota ce, mai sayar da zannuwa a kasuwar Oje ta Ibadan, da ƙunshi a hammata.

"Ku gafarce ni, na katse muku zama. Masaƙa uku na zaga, kowa ya ce wannan zubin na gidan Baba Salawu ne, ba mai iya kwaikwayonsa. Masu biki ke son irinsa."

Ta warware ƙunshin. Jan zane ya baje a kan tabarma, da farin layinsa uku da baƙi ɗaya a tsakiya. Sidikatu ta ja gyale ta rufe fuska tana neman hanya, amma Alhaja ta riga ta hango ta.

"A'a, ƙawata, ashe nan ne gidanku? Ba ke kika sayar mini da shi, kika ce mini na marigayiya uwarki ne, ba ku da sauran masaƙi a gida?"

Baba Salawu ya daɗe yana shafa zanen, sannan ya dubi Sidikatu. "Kin kai shi Ibadan don ya ɓace. Kin manta a garin nan kowane zane ya san ƙofar gidansu." Ya nuna ƙasa gaban Wuraola da sandarsa. "Durƙusa mata."

Yayar miji ta durƙusa wa matar ƙane, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Dattijo ya ce ta fanso zanen da gwala-gwalanta, kuma daga ranar ba ta da baki a taron dangi. Wuraola ta share fuska da gefen zani, ta miƙe tsaye.

Alhaja ta dubi rumfar. "To, wa zai saƙa mini? Mutum sittin ne za su ɗaura."

Rasaki ya buɗe baki, amma Wuraola ta riga shi, ta gyara goyonta, muryarta a sama yadda har na bayan katanga za su ji.

"Ga shi nan, Alhaja. Mijina ne."