Waifar Motar Baba

"In yaron nan ya sake taɓa min mota, Tahlia, ki manta da maganar aure!"

Baba ya buga ƙofa da ƙarfi har kofunan da ke kicin ɗin motar suka yi ƙara.

Motar nan ita ce burinsa tun rasuwar Mama. Ya sayar da gonar lemonmu ta Waikerie, ya sayo ta, ƙatuwa ƙirar Turai, da gadonta da murhunta da banɗakinta, wai zai zaga ƙasar nan kaf. Kosta, masoyina, mai gyaran wutar mota ne, shi ya kafa masa sola a rufin, kyauta, don neman shiga. Tun daga ranar waifa ta haukace. Rana tsaka, babu ko ɗigon ruwa, sai ta hau goge busasshen gilashi, ƙiii-ƙiii!

"Baba, ina ruwan sola da waifa?"

"Brenton ya ce wayoyin ya cakuɗa."

Brenton! Dillalin da ya sayar masa da motar, mai murmushin talla. Tun muna makaranta yake bina, ni kuwa ko a mafarki ban taɓa kallonsa ba.

Na kira Kosta ina huci.

"Kwantar da hankalinki, zumata," ya ce. "Ki roƙar min shi ya bar ni in duba sau ɗaya kawai."

Da ƙyar Baba ya yarda. Ranar Asabar Kosta ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya tarar Brenton ya riga shi, ya harɗe hannu yana jiran a yi abin kunya. Kosta ya duba fis, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kwance injin waifar ya mayar. Lafiya lau.

"Mista Kowald, ko za mu ɗan zaga in gani da idona?"

Baba ya karɓi sitiyari, Kosta a gefensa, ni da Brenton a baya. A miƙaƙƙen titi shiru kake ji. Muna zuwa kwanar da ke gangarawa kogi... ƙiii-ƙiii!

"Ka gani ko?" Baba ya daka tsawa.

Ni ma na gani. Hannun Baba na dama ne, da ya zo sa sigina sai ya buga sandar waifa! Tun kafin a haife ni yake tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa mai sigina a dama, kamar yawancin motocinmu. Wannan kuwa siginarta a hagu take, waifa ce a dama. Na juya na kalli Brenton, yana danne dariya. Ashe ya sani sarai.

Na buɗe baki ke nan, Kosta ya yi min ido.

"Laifina ne, Mista Kowald. Tsaya a gefe in gyara."

Laifinsa? Raina ya ɓaci har hawaye suka cika min ido. Kosta ya buɗe bonet, ya ɗan taɓa nan da can, ya dawo da jan salatif ya naɗe sandar hagun sitiyari.

"Ta gyaru. Sai dai daga yau da wannan mai jan za a riƙa sa sigina."

"Kun ji ko? Da bakinsa ya amsa!" in ji Brenton. "Merv, wannan za ka ba 'yarka?"

Baba ya tayar da mota. Har muka isa gida da hagu yake sa sigina, waifa ko motsi.

Yana kashe mota ya juyo.

"Brenton, kai ka sayar min da ita. Ka san inda siginarta take?"

"To... ai... kowa yana..."

"Ka sani, ka bar ni ina shan kwana ba sigina da 'yata a ciki, don kawai a kori wani. Ga hanya nan."

Bayan tafiyarsa Baba ya daɗe yana shafa jan salatif ɗin.

"Na daɗe da ganewa," ya ce a hankali. "Hannun ne ya ƙi jin magana. Tsoro na ji ku ce tsufa ya kama ni, ku karɓe makullin... sai na ɗora wa yaron."

"Haba Baba..." Na rungume shi ta baya ina kuka.

"Mista Kowald, ranar da na fara tuƙa irinta, a gaban 'yan sanda na goge gilashi," in ji Kosta.

Baba ya tuntsire da dariya, ya miƙa masa hannu.

"Bar wani Mista Kowald, Merv ake ce min, ɗana."

Ranar bikinmu na ƙi motar haya. Na tattara farar rigata na haye gaban motar Baba, shi ya kai ni coci. Muna shan kwanar ƙarshe na hango Kosta tsaye a bakin ƙofa, ya sha kwat, zuciyata kamar ta faso ƙirji.

Ƙiii-ƙiii!

"Baba! Mai jan!"

"Na sa sigina, 'yar nema," ya ce. "Wannan da gangan ne. Gilashin ne ya yi min dishi-dishi."

Na kalli gilashin, tas yake. Na zaro hankici na share masa ido.