Ɗingishin Asuba

Shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, Zailani yana koyarwa a wata firamare a Gangaren Tudu. Ya fara ganin Zulaihatu ranar da ma'aikatan lafiya suka zo yi wa yara lamba, ita ce mai riƙe tiren allura. Soyayya ta ƙullu tsakaninsu. Yana da aiki, yana da natsuwa. Abu ɗaya ya rasa, yardar mahaifinta, Malam Sale.

Malam Sale ba ya ganinsa sai a hanyar masallaci da asuba, kullum Zailani yana ɗingishi.

"Yaron nan asiri ya taka," ya ce wa Zulaihatu. "Haka ƙafar wana ta fara, har ta shanye. Ba zan ba da ke ga jinya ba."

Da ta gaya wa Zailani, sai ya sunkuyar da kai. "Zulai, da rana lafiya lau nake. Takun farko da safe ne, kamar ƙusa a dunduniya."

"Malamina, awa nawa kake tsaye kan siminti?"

"Shida."

"Da wannan takalmin mai tudu?"

"Don ke na saye shi."

"To, don ni ka cire shi."

Washegari ta aiko da wasiƙa:

"Abin ƙaunata, na tambayi Sista Magdalena a wurin aiki. Jijiyar tafin ƙafa ce da ta haɗa dunduniya da yatsu ta gaji. Tana ɗaurewa in ka kwanta, shi ya sa safiya ta fi zafi. Kafin ka taka ƙasa, ka jawo yatsunka sama da tawul. Ka riƙa mirgina kwalba da tafin ƙafa. Sa soso a takalmi mai taushi, ka zauna in yara suna rubutu. Sai haƙuri, wata da watanni ne. Taka, Zulai."

Ya bi, bai tsallake rana ba. Malam Sale kuwa kullum yakan rage sauri a hanya, yana kallon ƙafar.

A wata na biyar, bayan an sallame sallar asuba, ya riƙo hannun Zailani.

"Taka in gani." Ya taka. "Sake." Ya sake, babu ɗingishi. Tsohon ya share ido da hannun riga. "Ka turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure ya dafa kan 'yarsa. "Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya."

A nan Zulaihatu ta gane Baba bai taɓa ƙin Zailani ba. Tsoro yake ji mata.