Kabewar Yarema

"Wai mene ne a cikin buhun nan, Yarema?"

Na tambayi saurayina. Yana tsaye a ƙofarmu cikin tsohuwar rigar soja, hannun rigar na dama a naɗe, an soke shi da fil. Tun da aka sallamo shi daga asibitin sojoji bai tako gidanmu ba sai yau, ni kuwa tambayoyi kamar su fasa min ciki! Priska maƙwabciyarmu, da ta daɗe tana harinsa, har rantsuwa ta yi min wai ya samu wata nas a can.

Mama ta leƙo, wai ita raɗa take yi.

"Odarka, kabewa na ƙarƙashin benci. Miƙa masa ya kama gabansa. Wa zai noma miki abinci da hannu ɗaya?"

A ƙauyenmu ba a ƙin mai neman aure da baki. Kabewa ake ɗora masa, ya ratsa gari da ita ana dariya.

Yarema ya sunkuya ya zazzage buhun.

Kabewa ce, ƙatuwar gaske!

"Na zo da tawa," ya ce a hankali. "Kada ku yi asarar taku."

Zuciyata ta karye, amma bakina ya ƙi mutuwa.

"Nas ɗin fa?"

"Wace nas? Wani tsoho mai gashin baki ne ya ɗinke ni."

"Hannun fa... a ina?"

"Gada muke haɗawa a kan kogi, bam ya faɗo."

"To wannan uwar kabewa, gonar wa ka sato ta?"

"Sata?" Ya haɗe rai. "Ni na shuka ta da hagu. Tun bazara nake mata ban ruwa, don in sauƙaƙa miki korata."

Mama ta dubi tasa, ta dubi 'yar ƙanƙanuwar tamu.

Na ciro kallabin da na yi wa ado da jan zare tun ranar da ya tafi yaƙi, irin wanda budurwa ke ɗaura wa saurayi a hannun dama in ta amince.

"Odarka, babu hannun..."

"Akwai hannun riga, masoyina."

Na zare fil ɗin, na ɗaura kallabin tamau. Idanunsa suka cika da ƙwalla, nawa ma haka.

Mama ta fyace hanci da gefen zanenta.

"Shigo, ɗana. Ke kuma miƙo wuƙa, wannan kabewar sai ta ciyar da 'yan biki kaf!"